Sunan Baba da Bokitin Hanji

Montreal, ranar Lahadi

Zuwa ga Gwaggo Zhor,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka a Tetuwan. Allah ya ba ki sauƙin gwiwar nan, ko da yake ba ta taɓa hana ki bin yaro da takalmi ba, ni shaida ne. Mu nan lafiya lau. Idon Baba ne dai sai a hankali, yanzu da yatsu yake gane aikinsa.

Gwaggo, raina a ɓace yake. Kin san ƙungiyar Madam Ghislaine, masu kiɗan Turawan dā, waɗanda ba sa taɓa kayan zamani sai irin goge da molon da aka kaɗa shekara ɗari uku da suka wuce. Watan gobe za su cika shekara arba'in, sun buga ɗan littafin tarihinsu. Sabon shugabansu ne ya rubuta, wani Réjean, mai gemu kamar tsintsiyar da ta ƙare. Ya sa sunan kowa, har kyanwar da take kwana cikin akwatin goge. Da ya zo kan tsirkiya sai ya ce wai tun farko daga Italiya ake kawo musu. Italiya, Gwaggo! Ke da bakinki kika ba ni labarin yadda Madam ta shiga shagon mahaucin da Baba yake aiki, da tsinkakkiyar tsirkiya a hannu, tana cewa ta ƙarfe za ta tsaga mata tsohon katakon goge. Baba ya shinshina ya ce hanjin rago ne, kakansa ma haka yake yi. A kicin ɗinta suka jiƙa shi a ruwan toka, suka kankare, suka tsaga, suka murɗe, suka shanya daga taga zuwa ƙofa, har maƙwabta suka kai ƙara saboda wari. Tun ranar babu wasan da suka yi ba da hannun yayanki a ciki ba.

Baba ya ce in karanta masa littafin. Ni da karatuna bai wuce na allo ba, Faransanci a titi na tsince shi, haka na yi ta tuntuɓe har shafin. Da na ga babu sunansa sai na ƙirƙira, na zuba masa kirari: gwani Lahcen kaza, gwani Lahcen kaza. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ɗan banza, tun da yake bai taɓa jin na karanta Faransanci da gudu haka ba. Ya yi dariya, ya juya fuskarsa bango. Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Washegari na cika bokiti da ɗanyen hanji, na manna takarda a murfin na rubuta "Daga Italiya", na ajiye gaban Réjean suna tsakiyar gwaji. Ya buɗe, ya yi baya har ya zauna kan sarewar wani. Na ce masa odarsa ce ta iso, ya murɗe da kansa. Ya ce wai ni ba ni da tarbiyya, kuma mutanen da suke zuwa jin kiɗan sarakuna ba sa son jin maganar mahauta. Madam Ghislaine, da shekarunta tamanin da ɗaya, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce masa yaro, lokacin da suke wanke hanjin nan shi bai daina fitsarin kwance ba. Ta ce ba za ta hau dandali ba sai an gyara. Shi kuma ya kafe, wai tarihi da shaida ake rubuta shi, ba da tunanin tsofaffi ba.

To shaidar tana ɗakinki. Hoton nan da Baba ya aiko miki, shi da Madam a kicin, hanji a shanye bisa kawunansu, da shekarar a rubuce a baya. Don Allah ki ba ɗanki Driss ya ɗauki gaba da baya a waya ya turo mini kafin Juma'a, ranar za su sake buga littafin. Kada ki ce zan ɓatar, ai yana wurinki.

Na ce wa Baba mu hana su tsirkiyar bikin su gane kurensu. Ya ce goge bai yi masa laifin komai ba. Yanzu haka yana bayana yana murɗa ta Réjean, ita ya fi ba kulawa. Shi ya yafe. Ni kuwa na wanke bokitin na ajiye kusa.

Ki gaida Kawu Abdeslam, da Driss, da Inna Rkia. Baba yana gaishe ki, bai san na rubuto ba.

Ɗanki da ya sha takalminki,
Mbarek