Katakon da Ya Cije Zarto

Litinin, 3 ga Maris

Katakai huɗu ne suka ratsa rufin falona, baƙaƙe wuluk, matattarar ƙura, tamkar haƙarƙarin dabbar da ta haɗiye ni da littattafaina. Na kira kafinta ya cire su. Ya ɗaga kai, ya sosa ƙeya, ya ce, "Malam, sai na ɗaga daɓen sama na ga abin da ke bisansu." Saman kuwa ɗakin Inna ne. A tashi mahaifiyata daga gadonta saboda katakon ado? Na sallame shi.

Laraba, 5 ga Maris

Kafinta, sarkin jinkiri,
Zartonka bebe, bakinka tambari.

Na karanta wa ƙanwata. Ta ce, "Yaya, da baitin za ka tokare rufin?" Rashin kunyar ƙanne ba ta tsufa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na hau tebur na ƙwanƙwasa katakan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya amsa kamar ganga. Holoƙo ne! Kunnen da ke gane karyewar baiti ba zai kasa gane fankon katako ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na ari zarto. Na fari ya faɗo: falle uku ne aka haɗa da ƙusa, cikinsa wayam. Na biyu ma haka. Na so a ce kafintan yana tsaye.

A na uku, bayan fallen, haƙoran zarto suka tarar da wani itace mai tauri. Na ci gaba, don fushi. Da na kusa rabi sai itacen ya cije zarton, ko motsi. Sai wata ƙara, siririya, daga sama. Sai muryar Inna: "Kai, wa ya kulle ni? Ƙofata ta ƙi buɗuwa!"

Da kafaɗa na ɓalle ƙofar. A bayana na sauko da ita, tana tambayar ina ɗankwalinta.

Lahadi, 9 ga Maris

Kafintan ya zo da turakun ƙarfe biyu ya tokare rufin. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce na ukun riga aka sa masa don ya yi kama da 'yan'uwansa; ainihin gungumen yana ciki, bangon ɗakin Inna a kansa yake zaune. "Itacen da ya matse zarto, Malam, kaya yake ɗauke da shi. Nan ake tsayawa."

Wane azzalumin magini ne ke tufatar da bawa da ɗan sarki riga iri ɗaya? Shi nake tsine wa.

Talata, 11 ga Maris

Inna tana kwana a falo, tsakanin turaku. Kafinta kawai take sa wa albarka.

Yau ya ɗaga daɓen don duba na huɗu. Ni na riƙe masa tocila, tunda ba kowa kusa. Ya ce in matso in ga inda katakan daɓen suka hau. Na durƙusa. Duk a kan na huɗun suka hau; sai na ga hasken tocilar ya dushe mini. Batirin ne, ina jin.