Sunayenmu a Hannun Mai Jaka

Litinin, 3 ga Maris
Sun fara kafa ƙarafa a bakin juji. Wai wani kamfani ne ya karɓi wurin, daga ƙarshen wata sai mai kati zai shiga. Shekara goma sha huɗu ina tsintar roba da gwangwani a nan, da su na ciyar da yara uku. Ba wanda ya tambaye mu.

Laraba, 5 ga Maris
Wata mata ta zo, da jaka a kafaɗa da takardu. Ta ce cin abincinmu hakki ne, ba alfarma ba, mu haɗa sunayenmu a kai ofishin gari. Ko hanci ba ta toshe ba, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Wanda bai saba ba dole ya toshe. To ita wa ya koya mata?

Na tambaye ta wa ya aiko ta. Ta ce, "Ba kowa, Yaya." Yaya! Daga ganina.

Asabar, 8 ga Maris
Gwaggo, wadda ta fi mu daɗewa a juji, ita ta fara dangwala yatsa, mutum arba'in da biyu suka bi ta. Da yake ni kaɗai ce na yi makaranta a cikinmu, suka ce in riƙa rubuta sunayen. Na ce idona na ciwo.

Baban yara ya ce na cika zargi. Na ce shi ma sai da na shekara ina zarginsa kafin na aure shi, kuma har yau ban gama ba. Ya yi dariya har ya ƙware.

Talata, 11 ga Maris
Ga shi nan. Maigadi ya hana mutum bakwai shiga, har da Gwaggo. Takarda ce a hannunsa yana dubawa yana nuna su da yatsa. Na ce musu ba na faɗa ba? Mai jakar nan ta sayar da ku. Gwaggo ta zauna a kan buhunta, ta kawar da kai daga gare ni. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 13 ga Maris
Mai Jaka ba ta zo ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Na kai wa maigadi ruwa, don kawai in leƙa takardar da ke kan tebur. Ba sunan Gwaggo na gaskiya a ciki. An rubuta "Tsohuwar Kwali". An rubuta "Mai Tari". Mutum ɗaya ne a duniya ke kiransu haka: mai sikelin da ke sayen kayanmu. Rubutun ma nasa ne, mai kwanciya gefe ɗaya. Ashe shi kamfani ya yi wa alkawarin zaɓen masu kati, yana share waɗanda ke yi masa gardamar awo.

Ban gaya wa kowa ba. Sai in ce me? Ni da na fi kowa ɗaga murya.

Lahadi, 16 ga Maris
Mai Jaka ta dawo, muryarta a dishe. Kwana biyu aka tsare ta, wai tana tara mutane ba izini. Na ja ta bayan tulin kwalabe na gaya mata batun takardar. Na kuma gaya mata abin da na ce a kanta, kafin wani ya riga ni. Ta ce, "Ai da ba ki yi zargin ba, da ba ki leƙa ba." Mahaifiyarta ma tsinta ta yi, in ji ta. Wataƙila. Kowa na iya faɗa.

Litinin, 24 ga Maris
Mun je ofishin gari mu sittin da uku, da buhunanmu, aka zauna a matakala. Na je ne in ga ko Mai Jaka za ta shige ciki ita kaɗai a rufe ƙofa. Da aka ce mutum uku su shigo, sai ta tura ni gaba. Babban jami'in ya ce mu ne ke ƙazantar da wurin. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, sharar gidanka ce, mu rage ta muke yi."

Alhamis, 27 ga Maris
Kati ga kowa, har da su Gwaggo, amma kwana huɗu kawai a mako. Mai sikeli ya daina amsa gaisuwata. Ban yarda da kwana huɗun nan ba, akwai abin da suke ƙullawa a sauran ukun.

Asabar, 29 ga Maris
Masu tsinta na jujin bayan tasha sun aiko, su ma an fara kafa musu ƙarafa. Mai Jaka ta ce in raka ta. Na ce zan duba.

Ba don komai ba, ita ba ta iya gane maƙaryaci, kowa ya yi mata murmushi sai ta ba shi kujera. Dole wani ya sa ido.

Na ce wa baban yara ya ɗora tukunya gobe. Zan yi yamma.