Gidan da Za Mu Tsufa a Ciki

Zuwa ga matata Ingelise,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar yayarki Tove? Ki yi mata sannu, ki ce ta rage yi miki mulki daga kan gado.

Na je taron majalisar gari kan sabuwar unguwar bakin ruwa. Sun manna zanen unguwar a bango. Gidan tsofaffi yana can ƙarshe, bayan wurin ajiye motoci. Kowane hoto tsoho ne da tsohuwarsa da jikoki. Na duba har idona ya gaji, babu mace da matarta, babu namiji da mijinsa.

Ban yi niyyar magana ba, kin san muryata da rawa. Amma abokinmu Preben yana gefena a kekensa na guragu. Tun da aka kai shi gidan kula da tsofaffi yake ce wa ma'aikata marigayi Aksel ƙaninsa ne, don tsoro. Mijinsa fa! Sai na ji na miƙe. Na ce, "Yawancinmu ba mu da jikokin da za su tuƙo mota su zo. Abokai ne danginmu, su ma sun tsufa, bas suke hawa. In kun kai mu can, kun binne mu da rai."

Wani mai gashin baki ya ce gari na kowa ne, ba a yi wa wasu gini daban. Preben ya ce, "To yallaɓai, mu ba ma cikin kowan ne?" Zaure ya ɗauki dariya.

Taki har kullum,
Bodil

Masoyiyata Ingelise,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin tsibirin Bornholm bai taso miki da tarin nan ba.

Albishirinki! Nanna, mai tsara unguwar, ta zo har kicin ɗinmu da zanenta. Ta saurare mu ni da Preben, ta kuma cinye biskit ɗinki na kirfa tas. Jiya majalisa ta amince. An dawo da gidan tsofaffin zuwa bakin dandali, daf da tashar bas. Ƙasan ginin zaure ne mai ƙofa a titi, inda taron abokanmu na ranar Alhamis zai koma. Za a yi ɗakunan da abokai za su iya zama tare ko ba aure.

Ba duka muka samu ba, sun hana mu lambu. Ginin ma sai nan da shekara biyu. Preben ya ce wa Nanna, "Yarinya, ku hanzarta, ni ba na jiran kowa." Ya yi dariya, ni na kasa.

Amma Ingelise, ni ce fa! Ni da ko mai gyaran famfo ba na iya yi wa magana, yau na ɗauke gini sukutum daga inda aka ajiye shi.

Na roƙa mana ɗaki a hawa na biyu, mai tagar da ke kallon dandali. Kada ki ce ban shawarce ki ba, na san halinki. Can za ki zauna kina gulmar masu wucewa, ina kawo miki kofi, labulenmu a buɗe.

Ki dawo haka nan, gadon ya yi mini faɗi.

Matarki,
Bodil