Ni Na Nuna Gidan Niƙa, Amma Yaya Ladi Aka Kora

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Ku yi haƙuri da Hausata kuma, mu a nan Umdurman da baki muke yin ta, Larabci muka rubuta a makaranta, sai da na girma na koya wa kaina rubuta ta. Da gangan na zaɓi in rubuto da Hausa, domin waɗanda abin ya shafa suna jin ta amma ba sa karanta ta. Wanda zai zage ni ba zan riƙe masa baki ba, roƙona ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke min hukunci, don Juma'ar nan mai zuwa ce wa'adina.

Ni malamar lissafi ce a wata jami'a a Kartum. Kakana ya taso daga yamma da niyyar hajji, noman auduga a Jazira ya riƙe shi, babana kuma ya dawo Umdurman ya kama ɗinki. Ni ce ta farko a zuri'armu da ta taka jami'a. Da na zo digiri na biyu, malamin da ke duba aikina ya ce zamanin cika allo da alli ya wuce, in nemo binciken da zai haɗa lissafi da kasuwanci da shari'a, shi ake yayi. Ban sha wahalar nema ba. Mata masu shayi na kasuwar unguwarmu suna nan a gabana tun ina yarinya, kuma kowa ya san abin da ke cin su: kasha, wato samamen da ake kai wa masu sana'a a bakin titi. Mota ta tsaya, a kwashe murhu da butoci da kujeru, a jefa mace a baya, gobe sai kotu. Tun da sojoji suka hau mulki abin ya tsananta. Na ce zan auna yadda kasha ke karya ƙaramar sana'a, a raina ma gani nake taimakonsu zan yi.

Shugabarsu Inna Hajara ce, ƙawar mahaifiyata, ita ta yi mata zaman jego lokacin da aka haife ni. Ɗalibai nawa suka zo da takardu ta kore su? Ni kuwa da na durƙusa na gaishe ta da Hausa sai ta tura min kujera da ƙafa. Ta ce, "Zauna, 'yar tela. Amma ki ji ni da kyau. Ki rubuta wahalarmu, kar ki rubuta ƙofarmu." Na ce, "Haba Inna, ni ce fa." Ta ce, "Don ke ce na faɗa miki sau ɗaya."

Wata shida ina zaune a cikinsu da littafina da agogo, ina shan shayin da ba su taɓa yarda na biya ba. A nan na ga dabararsu. Su goma sha tara ne, kuma ba haka kawai kowace ta zaɓi gindin itacenta ba, kowace tana zaune ne inda za ta hango ta gaba. Ta bakin mararraba idan ta ga motar kasha ba ta ihu, ba ta gudu, kujera ɗaya kawai take kifewa. Ta gaba ta gani ta kife tata, haka har ƙarshen kasuwa. Daga nan kowace ta ɗauki murhunta da wutarsa ta bi lungunta, duk lungunan kuma wuri ɗaya suke fita: wani tsohon gidan niƙa da ya daina aiki, makullinsa na ɗaure a bakin mayafin Inna Hajara. Su zuba kaya a ciki, su fito hannu rabbana kamar masu cefane. Shekara huɗu suna haka ba a gano ba. Ni kuwa abin ya burge ni kamar in yi rawa. Na mai da kowace mace ɗigo, kowane lungu layi, na auna mintocin, na nuna da hujja cewa duk tsarin a kan ɗigo ɗaya ya rataya, idan aka cire shi komai ya rushe. Ban rubuta sunan kowa ba, ban rubuta sunan kasuwa ba. Gidan niƙan shi ma ɗigo ne, na sa masa lamba bakwai. A ganina na riƙe amana.

Ranar kare bincike, da muke cewa munaƙasha, a nan biki ce. Dangi ke cika zaure, a zo da alewa da dabino da turare. Babana ya ɗinka wa kansa sabuwar jallabiya ya zauna a layin gaba. Inna Hajara da mata biyar suka rufe sana'ar ranar, suka tsallako gada da murhunansu, suka kafa a gindin dalbejiya a waje don su shayar da baƙina. A cikin malamai uku masu yi min tambayoyi akwai baƙo, wani dattijo mai furfura da sanyin murya, masanin laifuka. Malamina ya riga ya raɗa min cewa tsohon jami'in tsaro ne, in girmama shi. To na san ko wane ne, ba zan ce ban sani ba. Ya yaba aikin, sannan ya cire tabarau ya ce, "Ya bitti, 'yata, lambar nan ta bakwai ta yi kyau da yawa. Ɗalibai sukan zauna a ɗaki su ƙirƙiro irin wannan. Akwai wurin nan kuwa a doron ƙasa?" Wasu suka yi dariya. Na ga babana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa halina ke nan tun ina ƙarama, ka mare ni zan haƙura, amma kar ka ce na yi ƙarya. Na ce, "Wallahi akwai shi, Ustaz." Ya ce, "A ina?" Na ce, "Tsohon gidan niƙa, bayan masallacin kasuwarmu, mai koriyar ƙofa." Har sunan kasuwar na faɗa. Ko numfashi ban ja ba tsakanin tambayar da amsar.

Aka ba ni sakamako mafi girma. Mata suka rangaɗa guɗa, babana ya ɗaga sandarsa sama yana juyi. Dattijon ya fito ya sha shayin Inna Hajara kofi biyu, ya ce bai taɓa shan mai na'ana'a irinsa ba. Ta ce masa, "Albarkacin 'yarmu ne."

Kwana goma sha biyu bayan nan motar kasha ta zo mararraba kamar kullum. Aka bar su suka kife kujeru, aka bar su suka bi lunguna. Mota ta biyu tana tsaye a ƙofar gidan niƙa tana jiransu. Aka kwashe komai, har cokula. Inna Hajara ta rungume murhunta ta ƙi saki, ta cije hannun wani, sai kotu ta haɗa mata da bulala, mace mai jikoki. Ban ga lokacin da dattijon ya faɗa wa kowa ba. Zauren cike yake, mai yiwuwa wani ne daban ya kai. Na sha gaya wa kaina haka. Amma wa nake ruɗa? Shekara huɗu ba a gano ba, sai kwana goma sha biyu bayan na buɗe baki? Ɗalibin aji ɗaya ma zai ba ku amsa.

Mace ɗaya ce ba a kama ba: Yaya Ladi, mai zama kusa da masu gawayi. Ta tafi gaisuwar mutuwa Jabal Awliya, ta kai kayanta gida tun jajibiri. Ga shi kuma ƙanen mijinta direban hukuma ne. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ina ɗakin ranar da aka tsare ta. Da hantsi ne, Inna Hajara na kwance rub da ciki a kan gado, ni ce ma nake shafa mata mai a baya, mata sun cika ɗakin. Yaya Ladi ta shigo da sallama, ba wadda ta amsa. Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ladi, nawa suka ba ki?" Yaya Ladi ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta ce a kawo Alƙur'ani. Wata ta ce mai sayar da 'yan'uwanta rantsuwa ba ta yi mata wuya. Sai Yaya Ladi ta juyo gare ni. Ta ce, "Ke kin zauna da mu wata shida, komai kina rubutawa. Kin taɓa ganin wani abu a wurina?" Hannuna na kan bayan Inna, ina jin tudun bulalar a tafina. Na ce, "Ni ban san komai ba, Yaya." Na ci gaba da shafa mai.

Shekara shida ke nan. An hana ta wurin zama a kasuwa. Ba mai amsa gaisuwarta, yara na kiran 'ya'yanta 'ya'yan mai kai rahoto. Ta aurar da 'yarta, ko mace ɗaya daga unguwar ba ta je ta kama mata girki ba, mahaifiyata ma ba ta je ba. Daga baya ta tattara ta koma Aljirif tana sayar wa masu ƙona bulo shayi a cikin hayaƙi. Ni kuwa na yi digiri na uku a kan wannan binciken dai, yanzu daktora ake ce min. Inna Hajara tana nuna ni tana cewa, "A kan kujerata ta zama daktora."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba na jin komai. Kuna tsammanin ba na barci? Ina yi, har da minshari in ji ƙanwata. Ina cin abinci, ina shiga aji, ina zana ɗigon nan ashirin a allo, ina ce wa ɗalibai misalin rumbun ajiya ne na wani kamfani, ina tambayarsu wane ɗigo za a cire komai ya rushe. Suna ɗaga hannu suna cewa bakwai, ina cewa tamam, daidai ne. Babana ya rasu bara, mata na kuka, ni ina ƙirga tabarmi ko za su isa. Da farko na ɗauka dauriya ce. Yanzu na san ba ita ba ce, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta ce, ka tsunkule ta ba ta ji. Na yi istigfari, na yi azumi, na taɓa ɗaukar mota har Aljirif, na hango ta daga nesa tana fifita wuta, na juyo. Wannan tuba ce? Mutum zai tuba alhali wata na ɗauke masa kayansa a ka?

Ranar Lahadin da ta wuce na fito daga aji na same ta zaune a kan benci a ƙofar ofishina. Da ƙyar na gane ta. Ciwon suga ya cinye ta, an yanke mata yatsu biyu a ƙafa, sanda take dogarawa. Ta yunƙura za ta miƙe min, ni da ta girme ni da shekara ashirin. Na ce, "Zauna, Yaya." Ta ce, "Daktora, ba wurin zama na zo nema ba, na gama da kasuwa. Likita ya faɗa min abin da ya faɗa. Na aika wa Hajara sau uku, sai yanzu ta yarda a taru ranar Juma'a bayan la'asar a gidanta. Amma ta ce sai in ke za ki zo da littafin nan naki. Ta ce abin da daktora ta faɗa ta yarda da shi, don ke ba ki taɓa ƙarya ba." Ta ce, "Ke kin san wa ya san gidan niƙa, wa bai sani ba. Ki duba mana, ki lissafa. Ni ba so nake a kama kowa ba. So nake in na mutu a samu matan da za su wanke ni. A Aljirif ba ni da kowa sai masu bulo."

Kun san abin da na lura da shi a lokacin? Takalminta na hagu ya fi na dama girma saboda bandeji. Shi na tsaya kallo. Sai na ji bakina ya ce, "Insha Allahu zan zo." Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Allah ya rufa miki asiri, 'yar tela."

Na juya abin ta kowace fuska. Zan iya zuwa in buɗe littafi in ce bincike ya nuna ba Yaya Ladi ba ce, in tsaya nan. Amma na san Inna Hajara, za ta ce, "To wace ce?" Kafin magariba sun nemo wata sun ɗora mata, in ma sun yarda ke nan. Zan iya cewa daga waje aka gano, sai dai su suka gina tsarin, sun san ba a gano shi daga waje. Zan iya ƙin zuwa in ce aiki ya riƙe ni, ta mutu a haka. Ko kuma in tsaya a tsakiyar ɗakin nan, a gaban matar da ta yi wa uwata zaman jego, in ce ni ce, da bakina na faɗa, a ranar da kuke waje kuna dafa wa baƙina shayi, kuma ina shafa miki mai na bari kuka kori Ladi. Aikina ba abin da zai taɓa shi, a jami'a ba mai ɗaukar wannan laifi. Amma mahaifiyata gida biyu ne tsakaninta da Inna Hajara, tsohuwa ce, duk rayuwarta matan nan ne. Abin da aka yi wa Ladi shi za a yi mata, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ita ma wata rana wanka za ta buƙata.

Yau Talata. Littafin yana gabana, na ciro shi daga akwati, har yanzu akwai tabon shayi a bangonsa. Yaya Ladi ta ce za ta taso tun da safe don ƙafarta, kar a jira ta. Don girman Allah ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Me zan yi?