Jirgin da Ka Bari Yana Zagaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto maka wannan wasiƙa daga ɗakinka a nan Ƙanƙara, yau Laraba da hantsi, wata biyar da kwana shida da rasuwarka. Babanka yana lafiya, ya tafi gona tun da sassafe. Ƙanwarka Rabi ta zo daga Sheme makon jiya da jaririyarta, ta kwana biyu ta koma. Masara ta fara gemu. Ni ce dai ba ni da natsuwa, kuma jirginka ne dalili.

Na san a shafinka na intanet nake rubutu, abokan wasanka suna karantawa. Su yi mini uzuri, a aji shida na firamare karatuna ya tsaya. Ba da su nake magana ba, da kai nake.

Jirgin yana saukowa. Lambobi biyun nan da ka nuna mini a gefen fuskar kwamfuta, ɗaya ta inda ya fi nisa da duniya, ɗaya ta inda ya fi kusa, ta kusan ce take raguwa. Ranar da aka kai ka asibiti tana kan ɗari biyu da ashirin. Yau da safe ɗari da arba'in da ɗaya na gani. Kai da bakinka ka ce in ta kai ɗari da ashirin, iska za ta kama shi ya ƙone kamar takarda. Man da ya rage na tura shi sau ɗaya ne kawai. Kuma duk laifina ne, zan faɗa maka yadda aka yi.

Ka tuna lokacin da ka samo wasan nan na tuƙa jirgi zuwa sararin samaniya. Sikila ta hana ka ƙwallo, ta hana ka gona, sai kwamfuta ta zama gonarka. Da Turanci ya zo, da filin tashin jirgi irin na wata ƙasa. Shekara biyu ka yi kana buɗe cikinsa kana sauyawa, abin da kuke kira mod. Ka mayar da rubutun Hausa. Ka sa rumbun Kaka na Mabai a gefen inda roka ke tashi, har da tsamiyar bayan gida. Ka rufe ƙofa ka lulluɓa da bargo kana naɗar muryarka, don duk abin da ya faru a jirgin kai ne za ka sanar. Ina tsakar gida ina jin ka kana maimaita kalma ɗaya sau goma, na ɗauka ciwon ne ya taɓa maka kai.

Sai kuma ka ƙara wa kanka wahala. Ka ce waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun sauƙaƙa shi da yawa, a nasu in jirgi ya hau ya hau ke nan har abada. Na gaskiya kuwa akwai 'yar iska siririya can sama da ke gogar sa kullum tana rage masa gudu. Ka sa wannan iskar. Ka kuma cire madannin komawa baya, wanda in mutum ya yi kuskure sai ya danna a sake. Da na tambaye ka dalili, ka ce, "Yaya, in ba zai iya faɗowa ba ai hoto ne, ba jirgi ba."

Yaya kake ce mini, saboda sunan da ka ji ƙannena suna kira na ke nan. Kai ne ɗan farina. Ana yaye ka Kaka ta ɗauke ka zuwa Mabai, ba ka dawo hannuna ba sai da ka shekara tara. Ban taɓa faɗin sunanka ba. Haka na ga an yi, haka aka yi mini tarbiyya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In za a kira ka sai in ce a kira mini wannan yaron. In na ware maka tsoka mai kyau, Rabi nake ba ta kai maka, in ce ragowa ce.

Ka san duk wannan, shi ya sa ka tsokane ni. Ranar da ka gama haɗa jirgin ka juyo da kwamfutar ta fuskance ni, ga sunanka an rubuta ɓaro-ɓaro a jikinsa. Kana dariya har kana riƙe ƙirji, ka ce, "To, mu ga yadda za ki kira shi." Na ce jirgin wannan yaron ya yi kyau. Na fita na bar ka kana dariyar.

Da ciwon ya tsananta a sanyin bara, yatsunka suka kumbura, ba ka iya danna komai. Ni na zama hannunka. Kana kwance kana cewa wannan, a'a na kusa da shi, riƙe, saki. Ni na tuƙa roka daga gefen rumbun Kaka har sama, gumi na zuba mini kamar mai daka. Ka ce za mu ɗaga shi sama sosai in ka warware, yanzu dai a bar shi ya huta a nan. A nan ɗin ka bar shi.

Bayan sadakar arba'in na buɗe kwamfutar don in share mata ƙura, sai na tsinci kaina cikin wasan. Ina zaune rana ta ɓullo wa jirgin daga bayan duniya, sai na ji ka ce, "Gari ya waye, jama'a, a tashi a duba mai." Na faɗi zaune a ƙasa. Tun ranar kullum sai na shiga, bayan na gama abincin rana. Amma jiran fitowar rana a can yana ɗaukar fiye da awa, ni kuma ga aiki. Sai na tuna madannin da kake dannawa lokaci ya yi gudu. Na riƙa danna shi. Rana ta faɗi ta fito cikin ƙiftawar ido, ka yi magana, in sake dannawa, ka sake magana. Wata rana sau talatin na ji ka. Ban lura cewa kwanaki nake ƙonawa a can ba, kuma iskarka tana aikinta. Ban ko kalli lambobin ba. Kunne kawai na kawo.

Ranar da na lura, tsoro ya sa na yi kuskure na biyu. Na ga abu yana saukowa, hankalina ya ba ni a ɗaga shi sama, yadda ake tallabe tulu in zai suɓuce. Na jira ya zo inda ya fi kusa da duniya, na juya hancinsa ya kalli sama sak, na kunna inji. Wuta ta fito, mai ya zube fiye da rabi. Da na duba, lambar da nake son ta hau ƙara raguwa ta yi. Kai kuma muryarka ta ce, "Mai ya yi ƙasa, a yi hankali," cikin sanyin nan naka, kamar ba komai. Na rufe kwamfutar. Kwana tara ban iya taɓa ta ba.

Na kira abokinka Isiya na Sabuwa, wanda ya zo ta'aziyya ya zauna a soro yana kuka kamar ɗan gida. Allah Ya yi masa albarka. Ya ce kada in damu, lamba ɗaya zai sauya a cikin fayil, jirgin ya koma sama da tankinsa cike, muryarka ma zai iya kwafo mini a waya. Na ce ya ba ni lokaci. Na yi ta juya maganar. Na tuna yadda ka yi fushi da wani a cikinku da ya yi haka, ka ce wanda ya sauya lamba bai tuƙa jirgi ba, ƙarya ya rubuta. Ka cire madannin komawa baya da hannunka, ba ni zan mayar da shi ta bayan gida ba. Na ce wa Isiya na gode, amma a'a. Ya ce haka kai ma za ka ce.

Matan unguwa sun fara magana. Wata ta ce wa Rabi a nema mini rubutu, tunda ina kulle kaina da abin wasan yara. Ban ga laifinta ba. Na san ba ka cikin jirgin nan. Na san inda kake kwance, Babanka yana zuwa duk Juma'a. Amma a duniya wannan ne kaɗai aikinka da bai tsaya ba, yana tafiya har yanzu, kuma a hannuna ka bar shi. In ya ƙone, ni na ƙona shi. Babanka ma ya ce wasa ne, in rabu da shi. Sai dai shekaranjiya yana wanke ƙafa a bakin rijiya, bai kalle ni ba, ya ce ya jirgin.

Jiya ina tankaɗen garin masara abin ya dawo mini. Ka tuna ranar da ka tsoma yatsa a garin da ke cikin faifai, ba ka ko wanke hannu ba, na yi maka faɗa? Ka zana siffar ƙwai, ka ajiye ƙwayar wake a ciki can gefe ɗaya ka ce duniya ce. Ka ce jirgin ba tsaye yake a sama ba, faɗowa yake yi kullum, sai dai gudunsa na gefe ya yi yawa, kafin ya iso ƙasa ta kauce masa. Ka ce shi ya sa ba a tura shi sama, gaba ake tura shi. Sannan ka dangwala yatsa a ƙarshen ƙwan mai nisa ka ce, "In kina son ɗaga wancan gefen na kusa, daga nan nesa za ki tura." Na ce wannan wane irin lissafi ne na juye-juye, a gyara abu daga inda ba ya nan. Ka dube ni ka ce ai ni ya kamata in fi kowa ganewa. A lokacin ban fahimci abin da kake nufi ba. Jiya na fahimta, na tuna tsokar da nake ba Rabi. Garin ya jiƙe da hawaye, sai da na sake wani.

Na sake kiran Isiya na faɗa masa, ya ce haka ne daidai. In jira lambar nesa ta cika, in sa hancin jirgin a kan alamar gaba, in riƙe madannin har man ya ƙare. Yau bayan azahar zan yi, in sola ta cika batir. Ina tsoron hadari ya taso ya rufe rana, kwamfutar ta mutu a tsakiyar aiki. Ina tsoron in rikita alamar gaba da ta baya, don sun yi kama. Ina tsoron in danna madannin da ba shi ba. Kuma ba ka nan ka ce a'a, na kusa da shi. Bari in dakata a nan in ɗora girki.

Yanzu an idar da la'asar, na dawo in ƙarasa maka.

Na yi alwala kafin in zauna, ban san ko ya dace ba, amma na yi. Ban danna madannin gudun lokaci ba ko sau ɗaya. Na zauna na jira shi ya yi tafiyarsa, minti arba'in ina kallon lamba tana hawa a hankali. Babanka ya dawo daga gona ya tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa, bai shigo ba, bai tafi ba. Da ya kai can nesa na daidaita hancin, na duba sau uku, na yi bisimilla na danna.

Wuta ta fito. Lambar kusa ta tsaya cak kamar ba za ta motsa ba, tankin kuwa yana ta zurarewa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, sai ji na yi na ce, da ƙarfi har awaki suka firgita, tashi mana, Lawal, tashi.

Ta motsa. Ɗari da hamsin, ɗari da tamanin, ɗari biyu. A ɗari biyu da sittin da uku man ya ƙare, wutar ta mutu. Muryarka ta ce, "Ya isa haka, sannu da aiki." Na san kowa ya tuƙa haka za ka ce masa. Duk da haka na amsa.

Na juya ina jin kunya, don Babanka ya ji abin da na faɗa. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ya sauke fartanyar, ya goge fuska da hannun riga, ya tafi masallaci.

Tankin babu ko ɗigo yanzu. Iskarka tana nan, wata rana za ta sauko da shi, Isiya ya ce da sauran lokaci mai tsawo in ban yi gaggawa ba. Ba zan ƙara yi ba. Ranar Juma'a kawai zan riƙa buɗewa, in jira rana ta fito da kanta, in ji ka sau ɗaya in rufe.

Allah Ya jiƙan ka, Lawal. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya yafe mini shirun da na yi maka, Ya haɗa mu a inda babu ciwo, in kira ka a gaban kowa ka amsa. Amin.

Ka huta lafiya, Lawal ɗana.

Mahaifiyarka,
wadda kake kira Yaya.