Kadan Baba Ya Daina Buɗe Baki

Iskandariyya

Zuwa ga Yayana Shauƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da Aunti Sabah da yara, ya kuma sauƙaƙa maka sanyin Milano da aikin gini. Mu nan Mama na fama da gwiwarta kamar kullum, Hamada kuwa ya ci jarrabawa, sai godiya. Amma maganar Baba ce ta sa na zauna rubuta maka, don a waya ba na iya faɗa yana kusa.

Ka tuna kadan nan na ƙarfe da roba da ke bakin kogon wurin wasa, wanda Baba ke kula da shi tun muna yara. Ƙaramin jirgin wasan da ke bin dogon ƙarfe zai hau sama ya gangaro da gudu, kadan ya wangale baki ya fesa ruwa, mutane su yi ta ihu kamar za a haɗiye su. Baba kan ce dogon ba wani abu ba ne, kada ake zuwa gani, kuma gaskiyarsa. Tun da injin muƙamuƙin kadan ya ƙone a bazara, layin masu shiga ya watse. Yara sukan sauko su ce ai wannan motar haya ce kawai, ta fi ta gari tsada.

Abin da ba mu gaya maka ba shi ne Baba ya ɗaura igiya a muƙamuƙin, yana shiga cikin kadan yana ja da hannu duk lokacin da jirgi ya taho. Ma'aikata suna ta tsokanarsa wai Annabi Yunusa ya dawo, shi ma yana dariya. Mutane sun ɗan dawo, har ranar da kafaɗarsa ta goce aka fito da shi a sume saboda zafin da ke cikin kadan. Likita ya ce hannun ba zai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Mai wurin ya zo asibiti da lemo, ya yi addu'a, ya ce ya riga ya sayar da filin ga masu gina benaye.

An yanka dogon an loda a mota. Kan kadan kuwa wani mai sayar da soyayyen kifi a bakin teku ya saya, ya kafa a saman ƙofa, ya tokare bakin da sanda. Yanzu kullum da hantsi Baba yakan sa rigar aikinsa ya je ya zauna a gaban shagon. Ba ya cin ful ɗin da nake kai masa, dafaffen waken nan. Jiya ya ce min sandar za ta karya haƙoran, na gaya wa mai kifin, ya ce in ɗauke tsohona ya daina tare masa ƙofa.

Yaya, ka daina yawon neman sabon injin kadan nan, babu abin da za a ɗaura shi a kai. Sai dai in Baba ya tambaye ka, ka ce kana kan nema. In za ka zo, ka zo kafin azumi, don ban ga alamar zai jira hutunka ba.

Ka gaida Aunti Sabah, da Gabir, da ƙaramarku Wafa. Mama da Hamada suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Nagat