Lissafin da Inna Ke Yi da Yatsu

Assalamu alaikum, ƙanena Auta.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana ya warware daga ciwon bayan nan, ya koma shago. 'Yan biyu kuma sun fara tafiya, ba abin da suke bari a inda aka ajiye shi.

Na zaɓi rubutu ne don waya ba ta da sirri a gidan nan. Da ta yi ƙara Inna za ta miƙo hannu, ta gyara murya, ta ce maka garau take, kai kuma da saurin yardarka sai hankalinka ya kwanta. To, ba garau take ba, Auta, kuma ni tsoro nake ji.

Ka san Inna da jirgin sama, ko ƙararsa ta ji sai ta toshe kunne tana salati. Amma makon jiya ta sa aka kira mata maƙwabcinmu mai lodin kaya a ƙaramin filin jirginmu. Ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta tambaye shi nisan da ke tsakanin filin jirgin garinku da namu, da daɗewar da jirgi ke yi a sama. Bawan Allah ya zaci hira ce. Ya ce nisa kam akwai shi, a mota sai an yi kwanaki, amma a sama bai wuce daga hantsi zuwa la'asar ba. Na ga fuskarta ta washe. Sai ya ƙara da cewa ai babu jirgin da ke tahowa kai tsaye, dole ka sauka a babban fili ka jira ƙaramin da ke zuwa nan. Shi kuwa ba kullum yake tashi ba, in hadari ya haɗu ma fasawa yake yi.

Inna ta shiga lanƙwasa yatsu tana lissafi. Can ta tambaya ko in an kira mutum da asuba zai iso kafin magariba. Ya ce da wuya, sai dai washegari ko jibi. Ta ce ashe ba za a iya jiransa ba ke nan. Da na tsare ta da ido sai ta yi dariya, wai abinci take nufi, kada ya huce. Wane irin abinci ne ake kiran mutum da asuba dominsa?

Tun ranar ta mayar wa maƙwabta duk kwanukan aro. Keken ɗinkinta da ko taɓawa ba ta bari mu yi, ta ba 'yar Goggo. Likita ya canja mata magani, kuma da yake yi mini bayani tebur yake kallo. Yanzu in ƙaramin jirgin ya wuce ta saman gida ba ta toshe kunne, binsa take yi da ido har ya ɓace.

Don Allah ka nemi hutu ka taho, kada ka jira wayata. Ranar da na kira ka da asuba, ko a lokacin ka tashi, mu za ka tarar, ba Inna ba.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, da Ƙarami, da takwarar Inna. Kawu da Goggo suna gaishe ka. Inna ta gan ni ina rubutu, ta ce in gaishe ka, wai kada ka wahalar da kanka, ta ji an ce jirgi ba kullum yake tashi ba.

Taka har kullum,
Yayarka.